Arzikin Man Fetur: Kada Rijiya Ta Bayar Guga Ya Hana

A cikin watan Yuli na 2018 Nijeriya da Jumhuriyar Nijar suka sa hannu a Abuja kan wata yarjejeniya ta shimfiɗa bututun ɗanyen mai daga filin Agadem zuwa Jihar Katsina, tare da gina matatar mai a kusa da kan iyaka, inda aka yi ta ambaton Mashi. Mutanen Zango da Baure da Mai'aduwa da sauran garuruwan ƙasar Daura sun yi murna ƙwarai da wannan labari, domin suna ganin aikin yi da kasuwa sun zo har ƙofar gida. Shekaru sun shuɗe, matata ba ta tashi ba. Man Agadem kuwa sai ya kama wata hanya, aka ja masa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme ta Jumhuriyar Benin, inda jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024.

Kafin nan, a watan Nuwamba na 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan ƙasar Daura, ya je Kolmani a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe ya buɗe aikin haƙo mai, aka kuma sanar da jama'a cewa akwai mai fiye da ganga miliyan 1,000 a wurin. Tun daga ranar, tambayar da aka fi ji a ofisoshi da makarantu da majalisun hira ita ce yaushe man Arewa zai fara fita kasuwa. Tambayar tana da kyau, amma akwai wadda ta fi ta nauyi, watau daga cikin man da ke kwance a ƙasa nawa ne zai hau sama, kuma su wane ne za su san hanyar hawo da shi. Ra'ayin wannan shafi shi ne, rabon ƙasar Daura a cikin arzikin mai yana hannun 'ya'yanta da za su koyi karanta shimfiɗun ƙasa, kuma lokacin fara tanadinsu ya riga ya yi.

Inda Mai Yake Zaune

Mutane da yawa suna zaton man fetur yana taruwa ne a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, sai a zura bututu a tsotse. Al'amarin ba haka yake ba. Mai yana zaune ne a cikin 'yan ƙananan kafofi da ke tsakanin ƙwayoyin yashin da ya daskare ya zama dutse, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso. Kafin a sami rumbun mai sai abu uku sun haɗu. Da farko akwai uwar mai, watau baƙar laka mai cike da ragowar ƙananan halittun ruwa, wadda aka binne ta da zurfin kilomita biyu ko fiye har zafin ƙasa ya dafa ta. Sa'an nan akwai dutsen yashi mai kafofi wanda man zai shiga ya zauna. Na uku shi ne murfi, watau shimfiɗar yumɓu mai tauri wadda ke hana man gudu sama.

Bisa ga wannan, ya kamata a gaya wa mutanen Zango gaskiya. Yawancin Jihar Katsina tana zaune ne a kan tsohon dutse na gindi, irin wanda ba ya haifar da mai, yashi da tsakuwar da suka lulluɓe shi a gefen Daura kuwa ba su da kaurin da zai dafa uwar mai. Duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin rijiyar mai a bayan gari, kuri'a yake nema. Kwaruruwan da ke da kauri suna maƙwabtaka ne, watau kwarin Termit a gabashin Nijar, da kwarin Borno, da kwarin Gongola inda Kolmani take, da kuma kwarin Sakkwato ta yamma.

Abu na biyu da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani shi ne, rijiya ba ta ba da duk man da ke ƙarƙashinta. A lissafin duniya gaba ɗaya, abin da ake iya fitarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran kashi biyun nan sai a rufe rijiya a bar su. Amma akwai inda aka ɗara haka nesa. A filin Statfjord na ƙasar Norwe, wanda ya fara ba da mai a 1979, an fitar da fiye da kashi 60 cikin 100. Alal misali, idan fili yana ɗauke da ganga miliyan 1,000 a ƙasa, ƙarin kashi ɗaya tak cikin 100 ganga miliyan 10 ke nan. Ashe tsakanin mai fitar da kashi 30 da mai fitar da kashi 50 akwai ganga miliyan 200, ba tare da an gano sabon fili ko ɗaya ba.

Karatun Shimfiɗun Ƙasa

Babban makamin da masana ke amfani da shi wajen rage wannan asara shi ne ilmin jerin shimfiɗun ƙasa. Tushensa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta. Maginin rijiya a Zango ya san zai wuce jigawa, ya iske jan marmara, ya shiga yumɓu, sa'an nan ya kai ga tsakuwar da ke ɗauke da ruwa. Ya kuma san rijiyar maƙwabci, taku hamsin kacal daga nan, tana iya ba da ruwa a gaba goma, tasa kuwa ta ƙi sai a gaba goma sha biyar. Abin da masana suka ƙara a kan sanin magini shi ne dalilin wannan bambanci, da kuma hanyar faɗin abin da ke tsakanin rijiyoyi biyu tun ba a haƙa ba.

Dalilin yana ga hawa da saukar ruwa. Tafkin Chadi ya isa misali. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 kuwa ya janye har ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma. Shekaru 7,000 da suka wuce faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Duk lokacin da ruwa ya janye, koguna sukan biyo shi, su yanka kwazazzabai, su tura yashi can gaba. Idan ruwa ya dawo, sai kwazazzaban su cika da yashi, sa'an nan laka mai laushi ta kwanta a kan kome da kome kamar bargo. Janyewa ɗaya da dawowa ɗaya su ne zubi guda. Haka teku ma ta yi ta yi cikin miliyoyin shekaru, zubi a kan zubi. Kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce teku ta ratsa ta Sahara ta haɗu da kwarin Binuwai, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka shaida ce ta zuwanta, kamar yadda ta Kalambaina a Sakkwato take shaidar wata dawowar daga baya.

Wani malami Ba'amurke, Larry Sloss, shi ne ya fara tsara wannan tunani sosai, ya kuma bayyana shi a 1963. Ɗalibinsa Peter Vail da abokan aikinsa a kamfanin Exxon suka ɗora a kai, suka nuna a 1977 cewa ana iya ganin iyakokin zubi a cikin hoton amsa-kuwwa, watau hoton da ake samu idan an aika ƙara cikin ƙasa aka saurari dawowarta. A cikin shekarar ce kuma aka kafa kamfanin mai na Nijeriya, NNPC, Buhari yana Kwamishinan Man Fetur. Ilmin da kamfanin tsararraki ne ke nan, kuma abin tambaya shi ne ko sun san juna yadda ya kamata.

A da, idan masani ya ga yashi a rijiya ta ɗaya, ya ga yashi mai kama da shi a rijiya ta biyu da kusan zurfi ɗaya, sai ya ja layi ya haɗa su, ya ce rumbu ɗaya ne. Sau da yawa kuskure ne. Yashin nan biyu suna iya zama na zubi dabam-dabam, da 'yar siririyar laka a tsakaninsu wadda ba ta wuce kamu biyu ba, amma ta isa ta hana mai wucewa. Sabuwar hanya tana fara neman bargon lakar da ruwa ya shimfiɗa a lokacin da ya kai ƙarshen cikarsa, domin shi ne ya kwanta ko'ina a lokaci guda. Da shi ake daidaita rijiyoyi, ana taimakawa da ragowar ƙananan halittu da ƙwayoyin furen da suka daskare a cikinsa, waɗanda ke nuna shekarunsa. Bayan an kafa waɗannan layuka na lokaci ne ake duba wane yashi ya haɗu da wane.

Amfanin wannan yana fitowa fili ne idan ƙarfin rijiya ya fara raguwa. A lokacin akan haƙa wata rijiya a gefe a riƙa ɗura ruwa domin ya koro man zuwa rijiyar da ke fitarwa. To, idan an ɗura ruwan a wani zubi, man kuwa yana wani zubin, an yi asarar kuɗi da lokaci. Wani lokacin kuma ruwan yakan sami shimfiɗar tsakuwa mai manyan kafofi ya bi ta a guje, ya isa rijiya ya bar man a baya, sai a ga rijiya tana aman ruwa a ce ta mutu, alhali kuwa rumbun da ke kusa da ita ko taɓa shi ba a yi ba. Filin mai kamar gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da ƙofarsa. Wanda ya san fasalin gidan ya san inda zai huda bututu, da inda zai toshe, da inda zai karkata rijiya ta bi kwance a cikin yashi guda, da inda ɗaki ya saura a rufe.

Darasin Agadem

Ba sai an je Turai ba kafin a ga amfanin sake karatu. Kwarin Termit, inda Agadem take, kamfanonin Amurka da Faransa sun yi ta bincike a cikinsa tun shekarun 1970, daga Texaco zuwa Elf da Esso, daga baya Petronas na Malesiya ya shigo. Sun ga mai, amma a lissafinsu bai kai ya biya kuɗin bututu daga tsakiyar hamada ba, saboda haka suka tafi. A 2008 Nijar ta ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin filin. Masanansa suka sake awon amsa-kuwwa, suka sake duba tsofaffin rijiyoyi, suka tsayar da fasalin kwarin: uwar mai ita ce lakar teku ta shimfiɗar Yogou a can ƙasa, rumbuna su ne yashin koguna da bakin tafki na shimfiɗar Sokor ta ɗaya, wadda suka kasa ta rukuni biyar, murfi kuwa lakar tafki ce ta Sokor ta biyu. Da wannan taswira a hannu aka yi ta dacewa da mai, adadin da aka tabbatar ya ninka. A watan Nuwamba na 2011 matatar Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana ta fara aiki, tana shan mai ta bututu mai tsawon kilomita 462. Daga Zango zuwa can tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Sai dai darasin yana da gefe na biyu mai ɗaci. Taswirar tana hannun wanda ya zana ta. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka sallami wasu manyan jami'an kamfanonin mai 'yan ƙasar Sin, kuma cikin ƙorafin da aka yi har da bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Ƙasar da ba ta da isassun 'ya'yanta masu karanta shimfiɗun ƙasarta, ko ta yi fushi, dole ta koma ta nemi mai karanta mata. Idan kamfani ya ce rijiya ta ƙare, ko ya ce kashi 25 kawai za a iya fitarwa, sai mai ilmin abin ne zai iya cewa a kawo awon a gani.

A gefen Nijeriya kuwa, kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a kwarin Borno kafin a dakatar da aikin a wajen shekara ta 2000, biyu ne kawai, Wadi da Kinasar, suka nuna alamar iskar gas. Mutane sukan kira wannan asara. Haƙiƙa an kashe kuɗi masu yawa, amma kowace busasshiyar rijiya littafi ce, domin an ciro dutse daga cikinta, an kuma rubuta awonta daga sama har ƙasa. Ita kanta Kolmani, kamfanin Shell ya haƙa rijiya ta farko a can a 1999 ya tafi, sai a 2019 NNPC ta koma ta haƙa ta biyu da zurfi ta sanar da samun mai. An kuma koma Wadi a watan Mayu na 2023. Bai kamata a manta ba cewa wannan nema ya ci rayuka, domin a watan Yuli na 2017 'yan Boko Haram sun yi wa ayarin masu bincike kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka rasa ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da sojoji da 'yan sa-kai. Allah ya jiƙansu. Hakkinsu ne a kan ƙasa kada a bar awon da aka sha wuya aka tara yana cin ƙura a cikin akwati.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Akwai masu cewa matsalar man Nijeriya sata ce da fasa bututu, domin su ne suka sa abin da ake fitarwa ya sauka ƙasa da ganga miliyan 1 a rana a wasu watanni na 2022, bayan ya taɓa kai wajen miliyan 2 da rabi a 2005. Gaskiya ne, kuma babu taswirar da za ta kama ɓarawo. Amma ɓarawo yana satar abin da ya hau sama ne, jahilci kuwa yana binne abin da bai hau ba, kuma wannan asarar ba ta fitowa a littafin kowane mai binciken kuɗi. Filayen Neja-Delta da yawa sun tsufa, na Oloibiri da aka gano a 1956 ma ya daina aiki tun 1978. Shimfiɗar Agbada da ke ɗauke da yawancin man ƙasar nan yashi ne da laka bi da bi, ga kuma tsagogi da suka yayyanka ta, watau irin gidan nan mai ɗakuna barkatai. A irin wannan wuri ne sake karatu ya fi biya.

Akwai kuma masu cewa duniya tana juya wa man fetur baya, don me za a tura yaro ya kashe shekaru yana koyon sana'a mai mutuwa? Amsa ita ce, ilmin shimfiɗun ƙasa ya fi mai faɗi. Da shi ake neman iskar gas, da shi kuma ake neman ruwa. A Borno an daɗe da sanin cewa ruwan ƙasa hawa uku yake, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, laka ce ta raba su. Duk wanda ya zaga ƙauyukan ƙasar Daura ya ga rijiyoyin burtsatse da aka kashe wa kuɗin jama'a suka ƙafe cikin rani ɗaya ko biyu, wani lokaci don an tsaya a yashin da ba shi da haɗi da babban rumbun ruwa. Yaron da ya iya karanta zubi, ko bai taɓa ganin gangar mai ba, garinsu zai amfana da shi.

Ya kamata kuma a yarda cewa wannan ilmi ba duba ba ne. Ba ya sa mai inda Allah bai ajiye ba, kuma masana biyu suna iya duba hoto ɗaya su ja layi dabam. Abin da yake yi shi ne rage caca, kuma a sana'ar da rijiya ɗaya ke cin miliyoyin daloli, rage caca riba ce babba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da haƙo mai, watau NUPRC, ta buɗe awon tsofaffin rijiyoyin Borno da Gongola ga jami'o'in Arewa, musamman sassan ilmin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Maiduguri da ta Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi. Ɗalibin da bai taɓa riƙe dutsen da aka ciro daga zurfin kilomita uku ba, karatunsa na allo ne kawai. Haka kuma, duk kuɗin da aka ware don neman mai a sababbin kwaruruwa, a fitar da wani kaso a fili domin nazari da horar da mutane, kada ya ƙare a kan injin haƙa da rumfunan biki.

Na biyu, ma'aikacin da aka kawo wa tsarin raya filin mai don ya sa hannu, ya nemi a nuna masa taswirar zubi, da adadin man da ke ƙasa, da adadin da za a fitar, da dalilin bambancinsu. Duk lokacin da aka sanar da jama'a wani babban adadi, a faɗa musu wanne ne daga cikin biyun.

Na uku, Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomin ƙasar Daura su tilasta wa kowane ɗan kwangilar rijiyar burtsatse ya miƙa rubutaccen bayanin abin da ya tarar a kowane zurfi kafin a biya shi, a kuma tara waɗannan takardu wuri guda. Wannan ba ya bukatar sabon kasafi, cikin 'yan shekaru kuwa zai zama taswirar ƙarƙashin ƙasar Zango da ɗalibai za su koyi aiki a kanta.

Na huɗu, tun da kwarin Termit da na Borno jiki ɗaya ne da iyaka ta ratsa, Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta sa musayar masana da ɗalibai cikin ayyukanta. Siyasa takan yi tsami, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyaka daga 2023 zuwa 2024, amma shimfiɗun ƙasa ba su san shinge ba, kuma Daura da Damagaram sun girmi iyakar.

Daga ƙarshe, kira ga ɗalibai da iyayensu. Asusun raya fasahar man fetur, PTDF, wanda aka kafa tun 1973, yana ba da tallafin karatu, amma sai wanda ya riƙe lissafi da kimiyya tun daga sakandare ne zai iya shiga takara. Horar da masani guda yakan ci shekaru goma ko fiye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ranar da man Kolmani ko na Borno ya fara gudana ta zo ta iske 'ya'yan Zango ba su da abin yi a wurin sai gadi da tuƙin tanka, to, rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Allah ya kiyaye, ya kuma sa shugabanni da talakawa su gane.